Kasule Da Abokin Tafiyarsa: Yadda Mutanen Kudancin Faransa Ke Zaɓar Wa Kaskon Wake Abin Sha

A kudu maso yammacin Faransa, tsakanin birnin Tulus da gaɓar tekun Bahar Rum, akwai wani abinci da garuruwa uku suka daɗe suna jayayya a kan wanda ya fi iya girka shi. Sunansa kasule. Farin wake ne ake haɗawa da nama iri-iri a cikin kaskon ƙasa, a saka a tanda, a bar shi awa da awanni a wuta marar ƙarfi har sai waken ya shanye romo da kitse, samansa kuma ya yi ɓawo ja mai ƙamshi. Abincin manoma ne na lokacin hunturu, mai nauyi, mai riƙe ciki tun daga azahar har dare. Nauyin nan nasa shi ya haifar da tambayar da ake yi a duk gidan da aka sauke kaskon: da me za a kora shi?

Amsar mutanen yankin ita ce jar giyar inabi, amma ba kowace iri ba. Suna da dalilansu na ɗaukar wannan su bar waccan, dalilan kuwa sun haɗa tarihi da noma da ilimin yadda bakin ɗan Adam yake jin ɗanɗano. Mafi yawan masu karanta wannan rubutu Musulmi ne, hukuncin giya da na naman alade a Musulunci kuma a bayyane yake, ba ya buƙatar ƙarin bayani. Abincin wani gubar wani. Abin da ya sa batun ya cancanci tawada da takarda shi ne, idan aka bi diddigin dalilan nan ɗaya bayan ɗaya, za a tarar babu wanda ya dogara da maye. Bauri da tsami bakin mai cin kasule yake nema, wannan kuwa ilimi ne da duk mai girki zai amfana da shi, ko ina yake.

Garuruwa uku, kasko ɗaya

Garuruwan su ne Kastelnodari da Karkason da Tulus. Kastelnodari ce ƙaramarsu, mutanenta kimanin dubu 12 ne. Tana tsakiyar ƙasar noma da ake kira Lauragais, a bakin hanyar ruwan nan ta Canal du Midi mai tsawon kilomita 240, wadda Pierre-Paul Riquet ya jagoranci haƙa ta, aka buɗe a 1681. Duk da ƙanƙantarta, ita ake wa kallon uwar kasule. A can ana dafa waken da naman alade da fatarsa, da sosej, wato niƙaƙƙen naman da aka ɗura a hanji, da cinyar agwagwa ko ta dinya wadda aka adana a cikin kitsenta. Mutanen Karkason, birnin nan mai tsohuwar ganuwa da hasumiyoyi, sukan ƙara cinyar rago, idan lokacin farauta ne kuma su jefa makwarwa. Na Tulus su ma sun san rago, amma abin tinƙahonsu shi ne sosej ɗin garinsu mai kauri.

Cinyar agwagwar nan tana buƙatar bayani, domin ita ce tushen maiƙon abincin. A zamanin da babu firji, manomi yakan yanka agwagin da ya turke a farkon hunturu, a barbaɗe naman da gishiri ya kwana, a dafa shi sannu a hankali a cikin kitsensa, sa'an nan a jera a tulu a malale shi da kitsen har ya rufe. Da zarar kitsen ya daskare, iska ba ta samun hanyar shiga, naman sai ya yi watanni bai lalace ba. Daga wannan tulu uwargida take ciro cinya da cokalin kitse duk ranar da za ta ɗora wake.

Prosper Montagné, shahararren mai girkin nan haifaffen Karkason wanda ya fitar da kundin Larousse Gastronomique a 1938, ya nemi sulhunta garuruwan uku. Ya ɗauke su a matsayin abu guda mai fuska uku, ya kuma sa Kastelnodari a gaba, duk da cewa ba garinsu ba ce. Gardamar dai ba ta mutu ba. A 1966 wani babban taron masana abincin Faransa ya tsayar da ma'auni cewa kashi 30 cikin ɗari na kaskon ya zama nama, kashi 70 kuma wake da romo da kayan ƙamshi. A 1970 mutanen Kastelnodari suka kafa ƙungiyar kare martabar kasule, 'yan ƙungiyar suna fita taro da doguwar riga da hula mai siffar kasko. A 1998 aka kafa wata a Karkason. Duk ƙarshen watan Agusta kuma Kastelnodari takan cika da baƙi saboda bikin kasule.

Waken da ya zo daga nesa

Labarin da ake ba baƙi shi ne, a lokacin Yaƙin Shekara Ɗari tsakanin Faransa da Ingila, Ingilishi sun kewaye Kastelnodari, mutanen gari suka tattaro duk abin da ya rage musu na wake da nama suka dafa a babban kasko, mayaƙa suka ci suka ƙoshi, suka fita suka kori abokan gaba. Tarihi bai goyi bayan labarin ba. Abin da aka sani shi ne rundunar ɗan sarkin Ingila, wanda ake wa laƙabi da Baƙin Yarima, ta ƙone garin a 1355. Farin waken da ake dafawa a yau kuwa ɗan asalin nahiyar Amurka ne, bai iso Turai ba sai a ƙarni na 16, kusan shekara ɗari biyu bayan wancan hari.

To, kafin nan wane wake mutanen yankin suke dafawa da nama? Na farko shi ne ful, wanda alhazai da 'yan'uwanmu na Sudan suka sani sarai. Na biyu kuwa wakenmu ne na gida, mai baƙin ido. A Afirka ta Yamma aka fara noma shi, masu tonon tarihi sun samu burbushinsa a tsakiyar Ghana wanda ya haura shekara 3,500. Daga nan ya bi hanyoyin fatauci har ya kai ga Girkawa da Rumawa, aka ci gaba da shuka shi a kudancin Turai tsawon ƙarnoni. Da waken Amurka ya zo, manoma suka ga ya fi dacewa da yanayinsu, ya ture wancan gefe. A yau Nijeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noman waken da ya riga na Amurka shiga tukwanen kudancin Faransa.

Iri biyu na farin wake ake ji da su wajen kasule. Akwai dogon nan na kewayen Kastelnodari, wanda Tarayyar Turai ta ba sunansa kariyar doka a 2020. Akwai kuma na Tarbes da ke gindin duwatsun Pyrénées, wanda ya samu irin wannan kariya tun 2000, kuma a al'ada jikin karan masara yake hawa. Abin da ya haɗa su shi ne laushin fata da iya shan romo ba tare da sun dagargaje ba.

Abin da ke cikin kaskon, da abin da babu

Kaskon kansa na yumɓu ne, gindinsa tsukakke, bakinsa buɗaɗɗe, an shafe cikinsa da ruwan ƙyalli. Ƙauyen Issel da ke kusa da Kastelnodari ya yi suna wajen gina shi tun ƙarnoni da suka wuce. Faɗin bakin ba ado ba ne, shi yake ba zafin tanda fili ya busar da saman abincin ya yi ɓawo, ƙasan kuma ya zauna cikin romo.

Ana jiƙa waken ya kwana, a tafasa a zubar da ruwan farko, sa'an nan a dafa shi a romon ƙashi da fata da albasa da karas da tafarnuwa. A shimfiɗa fata a gindin kasko, a zuba wake, a jera naman da aka soya, a rufe da sauran waken, a ɗora sosej a kai, a ƙara romo. Daga nan sai tanda. A da can gidan mai gashin burodi ake kai kaskon, ya shiga bayan an kwashe burodin safe. Duk lokacin da ɓawo ya haɗu a sama, sai a danna shi da bayan cokali ya nutse, a jira wani ya sake haɗuwa. Tsofaffin yankin suna cewa sau bakwai ake yin haka, kuma kowa ya yarda cewa wanda ya kwana aka sake ɗumama shi ya fi daɗi.

Idan aka sauke, abu huɗu ne suke mulkin kaskon: maiƙon agwagwa, gishirin naman da aka adana, danƙon da fata da ƙashi suka saki, da garin wake mai cika baki. Abin lura shi ne abin da babu. Babu yaji mai zafi, babu tsami, babu ɗaci. Masu riƙo da tsarin Kastelnodari ko tumatir ba sa yarda a saka. Shi ya sa loma biyar ta farko takan yi daɗi ƙwarai, amma kafin a kai rabin faranti maiƙo ya lulluɓe harshe da ganɗa, abincin ya fara ginsar mai ci. Abin da kasko ya rasa, kofin abin sha ne zai kawo shi. Duk maganar zaɓen abin sha a kan wannan giɓi take.

Aikin bauri da tsami a baki

A fatar inabi da ƙwallonsa akwai wani sinadari da ake kira tanin. Ba baƙo ba ne a wurinmu, danginsa ne ke cikin bagaruwa, shi ya sa majema suke jiƙa fata da ita: tanin yana kama furotin ɗin fata ya ɗaure shi, fatar ta zama kirgi. A baki ma abin da yake yi ke nan. Yawu yana da furotin mai sa santsi, tanin sai ya kama shi, santsin ya ragu, mutum ya ji bakinsa ya bushe ya yi kaushi. Wannan shi ne bauri. Jar giyar inabi ta fi fara bauri nesa ba kusa ba, domin ita tare da fata da ƙwallo ake tsima ta, fara kuwa ana matse ruwan ne a raba shi da fatar tun farko.

Maiƙo da bauri kishiyoyi ne, ɗaya yana ƙara santsi, ɗaya yana rage shi. A 2012 Paul Breslin da abokan aikinsa a Amurka suka wallafa wani bincike a mujallar Current Biology. Sun ba mutane busasshen nama mai kitse, wasu lokuta su kora da ruwa, wasu lokuta da shayi. Sakamakon ya nuna shayi ya fi ruwa kawar da maiƙo daga baki. Sun kuma gano cewa abin sha mai ɗan bauri kaɗan, idan ana kurɓarsa a kai a kai, baurin taruwa yake yi, shi ya sa ba a buƙatar mai tsananin ƙarfi. Loma, kurɓi, loma, kurɓi, haka baki yake komawa daidai kafin kowace sabuwar loma.

Tsami kuma ta wata hanya yake taimakawa. Yana tsinka yawu, yawun ya wanke harshe, ya dawo wa mai ci da sha'awar abincin. Gishiri shi ma yana da rawarsa. Tun a 1997 Breslin da Gary Beauchamp suka nuna a mujallar Nature cewa gishiri yana danne ɗaci. Saboda haka abin shan da zai yi wa mutum ɗaci da kaushi idan ya sha shi zalla, yakan yi laushi idan ya biyo bayan loma mai gishiri da kitse. Kaskon yana gyara kofin kamar yadda kofin yake gyara kaskon. Manoman Lauragais ba su san sunan furotin ba, amma bakinsu ya riga ɗakin bincike gano wannan da ɗaruruwan shekaru.

Gonakin da ke kewaye da kaskon

Ƙa'idar farko a wurin mutanen yankin ita ce a nemi abin da ya tsiro kusa da inda aka dafa. Mai cin kasule a Kastelnodari ko Karkason yana da gonakin inabi ta kowace kusurwa. A kudu maso yammacin Karkason akwai Malepère, inda inabin Merlot ya fi yawa. A arewa, gindin tsaunin da ake kira Baƙin Dutse, akwai Cabardès, inda doka ta wajabta a gauraya inabin ɓangaren tekun Atlantika da na ɓangaren Bahar Rum, domin iskokin tekunan biyu a nan suke haɗuwa. A gabas akwai Minervois da Corbières da Fitou, ƙasa mai duwatsu da zafin rana, inda ake noma Carignan da Grenache da Syrah da Mourvèdre. Masana sun fi ambaton waɗannan ukun idan kaskon na Karkason ne, domin Carignan yana riƙe tsaminsa ko da rana ta yi zafi, ƙamshin ganyayen daji da ake ji a cikinsu kuma yana tafiya da naman rago.

Mutumin Tulus kuwa yakan miƙa hannu arewa da birninsa, zuwa Fronton, inda ake noma wani baƙin inabi mai suna Négrette da ba a cika samunsa a wani wuri ba. Baurinsa da sauƙi, ƙamshinsa kamar na fure, saboda haka ya fi dacewa da kaskon da ba a cika masa kitse ba.

Idan kaskon ya yi nauyi sosai, agwagwa da fata sun yi yawa, sai a nufi manyan biyu na kudu maso yamma. Cahors tana bakin kogin Lot, doka ta ce aƙalla kashi 70 cikin ɗari na abin da ke kwalbar ya zama inabin Malbec. Duhun launinta ya sa tun da daɗewa ake kiranta baƙar giya. Sanyin jaura na 1956 ya kashe mafi yawan kurangar yankin, manoma suka sake dashe, aka ba sunan cikakkiyar kariya a 1971. Madiran kuma tana arewa da Tarbes, wato maƙwabciyar gonakin wake ce, inabinta Tannat yana cikin mafi bauri a duniya. Baurin ya kai har wani manomin yankin, Patrick Ducournau, ya ƙirƙiro dabarar shigar da iska ƙanƙanuwa a cikin tanki a farkon shekarun 1990 don ya tausasa shi. Abin da zai ɗaure bakin mai shan sa zalla, shi ne daidai abin da kitsen agwagwa yake buƙata.

Akwai kura-kuran da masana suke gargaɗi a kai, kowanne kuma yana komawa ga wancan giɓi na kaskon. Na ɗaya, a ɗauko tsohuwar kwalba mai tsada wadda ta yi shekara ashirin a ajiye. Shekaru suna rage bauri, su bar ƙamshi mai rauni, wake da tafarnuwa kuwa za su danne shi, an yi asarar kuɗi ba a samu biyan buƙata ba. Na biyu, a zaɓi wadda sinadarin maye ya yi mata yawa. Wannan nauyi ne a kan nauyi, ga zafi a maƙogwaro. Na uku, mai zaƙi ko wadda ƙamshin gangar katako ya rinjaye ta, domin zaƙi ƙara ginsa yake yi. Na huɗu, a kawo ta da ɗumi. Sun fi son ta da ɗan sanyi, wajen digiri 16 zuwa 18, saboda ɗumi yana ɓoye tsami. Wasu ma sukan bar ja gaba ɗaya su ɗauki fara mai kumfa ta Limoux, kudu da Karkason, su bar tsami da kumfa su yi aikin da bauri zai yi. Ko'ina aka duba, tsada ba ta cikin lissafi. Abin da ake tambaya shi ne ko kofin zai iya wanke bakin.

Yadda aka kai ga amincewa da sunan da ke jikin kwalba

Wannan zaɓe da ake yi da sunayen garuruwa bai samu a sama ba, da jini aka saye shi. Daga shekarun 1860 wani ƙwaro mai suna filoksera, wanda ya shigo daga Amurka, ya cinye saiwar kurangar Faransa. Maganin da aka samu shi ne a ɗaura reshen inabin Turai a kan saiwar na Amurka. Da gonakin kudu suka farfaɗo, sai aka shiga noman yawa ba na inganci ba. Ga kayan Aljeriya suna shigowa, ga 'yan algus suna haɗa sukari da ruwa su sayar da sunan giyar inabi. Farashi ya faɗi warwas, manoma suka rasa abin biyan haraji da na ciyar da iyali.

A 1907 tura ta kai bango. Wani manomi mai ɗan shagon shan kofi a ƙauyen Argeliers, Marcelin Albert, ya jagoranci zanga-zangar da ta fara da mutum 87 a watan Maris. Kowace Lahadi taron ƙaruwa yake yi, daga gari zuwa gari, har da Karkason. Ranar 9 ga Yuni fiye da mutum rabin miliyan suka cika birnin Mompeliye. Magadan gari da yawa suka ajiye muƙamansu. Gwamnatin Georges Clemenceau ta tura sojoji, aka yi harbi a Narbon, mutane suka mutu, wata runduna ta 'ya'yan yankin kuma ta yi tawaye ta koma bayan manoma a Béziers. Kafin ƙarshen watan majalisa ta zartar da dokar da ta tilasta wa kowane manomi bayyana yawan abin da ya girba, ta kuma taƙaita amfani da sukari. Wannan hanya ce ta kai ga dokar 1935 ta kare sunayen asali, wadda ta fayyace iyakar kowane yanki, da irin inabin da za a shuka, da yawan abin da za a girba a kowace hekta. Fitou da Madiran suka samu tasu kariyar a 1948, Fronton a 1975, Corbières da Minervois a 1985. Irin wannan tunani ne daga baya aka shimfiɗa a kan cuku da man zaitun, har ya iso kan wake. Lokacin da hukumar UNESCO ta saka tsarin cin abincin Faransawa cikin gadon al'adun duniya a taronta na Nairobi a 2010, dacewar abinci da abin sha tana cikin abubuwan da ta lissafa.

Idan aka cire maye, me ya rage?

Faransawa da kansu sun fara yi wa kansu wannan tambaya. A farkon shekarun 1960 yawan giyar inabin da kowane mutum yake sha a shekara, idan aka raba, ya haura lita 100. Yanzu ya sauko zuwa wajen lita 40. Sai a 1956 aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 giya a ɗakunan cin abinci na makarantu, a 1991 kuma dokar Évin ta ɗaure tallar barasa. Maganar da ta yaɗu a shekarun 1990, wai jar giya ce ke kare zuciyar mutanen kudu maso yamma duk da kitsen da suke ci, bincike na baya ya raunana ta ƙwarai. A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya. Ga kuma miliyoyin Musulmin Faransa, waɗanda wasunsu suke dafa kasule da rago da agwagwar da aka yanka bisa shari'a, su maye gurbin fatar alade da ƙafar saniya don samun danƙo.

Su kansu mutanen yankin ba su taɓa dogara da kwalba kaɗai ba. Sukan bi kasule da ɗanyen ganye da aka yayyafa wa ruwan tsami, wasu ma su ɗiga ruwan tsamin a kan farantin. Kakanninsu suna da ruwan ɗanyen inabi, wanda ake matsewa tun bai nuna ba, ba ya bugarwa, tsami ne zalla. Idan aka tuna kuma cewa da shayi aka yi binciken 2012, za a ga cewa sinadarin maye ba shi da wani aiki a wannan lissafi.

A nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Babban sinadarin da ke ba inabi tsami, wanda masana ke kira tatarik, tsamiya tana cikin 'ya'yan itatuwa ƙalilan da suke da shi da yawa. Jan launin zoɓo kuwa dangin sinadarin da ke rina fatar baƙin inabi ne, ga tsami, ga ɗan bauri. Shayi mai kauri da ake sha bayan an ci nama, daga Agadas har Injamena, aikin wanke baki yake yi. Wato duk abin da kaskon wake da kitse yake nema daga kofi, muna da shi a kasuwa da araha, kuma halal ne. Abin da yake ɓata mana shi ne sukari. Zoɓon da aka cika wa sukari da kayan ƙamshin kanti ya faɗa cikin kuskure na uku da aka ambata a sama, ƙara ginsa zai yi. Mai son ya gwada, ranar da aka yi wake da nama mai kitse a gida, ya sa a dafa zoɓo da kauri, a rage sukarin zuwa rubu'in yadda aka saba, a bar shi da ɗan sanyi ba mai ƙanƙara ba, ya riƙa kurɓa tsakanin loma da loma. Bakinsa zai ba shi amsa kafin ya kai rabin kwano.

Abin da mutanen Kastelnodari da Madiran suka fi mu ba kayan gona ba ne. Sun ɗauki abincin talakansu da muhimmanci, sun zauna sun tantance wane wake, wane kasko, wane abin sha, da dalilin kowanne, suka rubuta, suka kafa ƙungiyoyi, suka nemi doka ta kare sunayen. Da haka garin mutum dubu 12 ya zama wurin da ake zuwa daga wasu nahiyoyi don cin wake. Ƙasashen da suka fi kowa noman wake mai baƙin ido a duniya, suke da zoɓo da tsamiya a kowace kasuwa, suna da duk abin da ake buƙata don yin irin wannan aiki. Ya rage ga masu girkinmu da makarantun koyon abinci da sassan kimiyyar abinci na jami'o'inmu su fara tambayar iyaye mata wane abin sha ake bin kowane tuwo da kowace miya da shi, su gwada dalilin, su rubuta shi tun masu sanin suna raye.